Taƙaita Gudun Jini a Wajen Motsa Jiki: Amfaninsa da Haɗarinsa

Gabatarwa

Ƙasar Kabi ƙasa ce da ta san darajar ƙarfin jiki. Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya ga yadda dubban masunta ke rugawa cikin ruwan Matan Fada da homa da gora, ya kuma ga tseren kwalekwale da nutso da kokawa da dambe. Haka nan manomin shinkafa a fadamar Rima, da ɗan dako a kasuwar Birnin Kebbi, kowannensu damtsensa shaida ne a kan aikin da yake yi. Abin da kowa ya sani tun kaka da kakanni shi ne, tsoka ba ta girma sai an ɗora mata nauyi.

To, sai ga wata dabara ta ɓullo daga ƙasar Japan, wadda ke nuna cewa tsoka na iya girma da nauyi kaɗan, muddin an rage gudun jini a hannu ko ƙafar da ke aikin. A yau likitocin gashi, wato masu aikin fisiyo, da masu horar da 'yan wasa a ƙasashe da dama suna amfani da ita. Hotunanta kuma sun cika wayoyin hannu, ta yadda ba abin mamaki ba ne saurayi a Birnin Kebbi ko Argungu ya gani, ya ɗauko robar ɗaure kaya ya tamke cinyarsa, da nufin ya yi ƙwanji cikin mako biyu. Wannan maƙala za ta bayyana yadda dabarar take aiki, da waɗanda aka tanade ta dominsu, da kuma dalilin da ya sa awo shi ne iyakar da ke tsakanin amfaninta da cutarwarta.

Hanyoyin Jini Guda Biyu

Kafin a fahimci dabarar, wajibi ne a san yadda jini ke zagaya jiki. Baligi yana ɗauke da jini kimanin lita 5, kuma idan yana hutawa zuciyarsa kan tura kusan wannan adadi a kowane minti ɗaya. A Hausa kalmar jijiya ta game abubuwa da yawa, amma a nan akwai iri biyu da ya kamata a rarrabe. Na farko su ne jijiyoyin kai jini, waɗanda ke ɗaukar jini mai iskar oksijin daga zuciya zuwa gaɓoɓi. Bangonsu yana da kauri, jinin cikinsu yana tafiya da ƙarfi, kuma su ne ake jin bugunsu a wuyan hannu. Na biyu su ne jijiyoyin mayar da jini, waɗanda ke komar da shi zuwa zuciya. Bangonsu siriri ne, ƙarfin jinin cikinsu kaɗan ne, shi ya sa ɗan matsi kaɗan kan toshe su.

Wannan bambanci ne ma'aikacin asibiti yake amfani da shi in zai ɗebi jini. Yakan ɗaure damtse sako-sako, jini ya ci gaba da shiga hannu amma ya kasa fita, sai jijiya ta kumbura ta fito fili. Da irin wannan ɗauri ne likitan nan na Ingila, William Harvey, ya kafa hujja a littafinsa na 1628 cewa jini zagaye yake yi. Ya nuna cewa in an tamke ɗaurin ƙwarai, hannu kan yi sanyi kuma bugu ya ɗauke. In an sassauta kaɗan, sai hannu ya yi ɗumi, jijiyoyi su cika. Kusan shekara 400 kafin shi, malamin nan Ibn al-Nafis, wanda ya yi aikin likita a Alƙahira, ya riga ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu. Ke nan ɗaurin da ake magana a kai ba baƙo ba ne a kimiyya. Abin da yake sabo shi ne haɗa shi da motsa jiki.

Asalin Dabarar

A 1966 wani saurayi ɗan Japan mai shekara 18, Yoshiaki Sato, ya yi dogon zama a kan ƙafafunsa wajen wani taron addini, har ƙafafun suka sage. Da ya taɓa sha-raɓarsa sai ya ji ta kumbura ta yi tauri, kamar yadda takan yi bayan ya ɗaga ƙarfe. Daga nan ya shiga gwaji a jikinsa da igiyoyi da robobi. Ganganci ne ƙwarai, domin shi da kansa ya ba da labarin cewa gwajin ya kai shi gadon asibiti, bayan gudan jini ya toshe masa jijiya a huhu. A 1973 ya sami karaya a wasan zamiya kan ƙanƙara, aka sa masa filasta, sai ya riƙa matse ƙafar yana sassautawa bisa tsari. Ya ce da aka cire filastar, tsokarsa ba ta rame ba kamar yadda aka saba gani. Ya raɗa wa dabarar suna KAATSU, wato ƙarin matsi a harshen Japananci.

Labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne a kimiyya. Sai a wajejen shekarar 2000 ne binciken Yudai Takarada da abokan aikinsa ya fito a mujallun kimiyya, inda suka nuna cewa tsokar damtsen mata tsofaffi ta ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100 bayan mako 16 na ɗaga nauyi maras yawa tare da matsi. A 2006 Takashi Abe da abokansa suka gano cewa ko tafiya a hankali da maɗauri a cinya na iya ƙara kaurin tsokar cinya cikin mako uku. Daga baya asibitin soja na San Antonio a Amurka ya ɗauki dabarar don farfaɗo da sojojin da suka ji munanan raunuka a ƙafa, kuma an ga wasu 'yan wasa suna amfani da ita a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021.

Abin da Ke Faruwa a Cikin Tsoka

Tsoka tarin zaruruwa ce, kuma zaruruwan iri biyu ne. Akwai masu jimiri, waɗanda ba su da ƙarfi sosai amma suna daɗewa ba su gaji ba, matuƙar suna samun oksijin. Da su mai tuƙa kwalekwale yake yini a kan ruwa. Akwai kuma masu ƙarfi, waɗanda ke aiki farat ɗaya su gaji da wuri. Da su ɗan kokawa yake ɗaga abokin karawarsa ya kayar. Waɗannan na biyun su suka fi saurin girma. Sai dai jiki yana da tattali: yakan fara tura masu jimiri, ba ya kiran masu ƙarfi sai aiki ya yi tsanani. Shi ya sa masana suka daɗe suna ba da shawarar cewa mai son tsoka ya ɗaga kimanin kashi 70 cikin 100 na nauyi mafi girma da yake iya ɗagawa sau ɗaya.

Idan aka sa maɗauri a saman damtse ko saman cinya, jinin da ke shiga yakan ragu, wanda ke fita kuma ya kusan tsayawa. Oksijin ya yi ƙaranci, dattin aikin tsoka, irin su sinadarin laktet da sauran masu tsami, su taru ba su da mafita. Nan da nan zaruruwa masu jimiri su gaji, sai jiki ya ga tilas ya kira masu ƙarfi, alhali nauyin da ake ɗagawa bai taka kara ya karya ba. Ban da haka, ruwa kan taru a cikin ƙwayoyin tsoka su kumbura, kuma ana ganin wannan ma yana cikin abubuwan da ke sa su ƙera sabon furotin. A farko an ɗauka cewa sinadarin girma da kan ƙaru a jini bayan irin wannan atisaye shi ne sirrin, amma binciken baya ya nuna cewa rawar da yake takawa ba ta kai yadda aka zata ba.

Ga misali da lissafi. A ce saurayi yana iya ɗaga kilo 50 sau ɗaya da ƙafarsa. A tsarin da aka saba, sai ya yi atisaye da kilo 35 kafin tsokarsa ta ƙaru. Da maɗauri kuwa, kilo 10 zuwa 15 sun isa. Tsokar tana jin kamar an ɗora mata babban kaya, amma gwiwa da ƙashi da jijiyoyin gaɓa ƙaramin kaya suke ɗauke da shi. Duk amfanin dabarar a nan yake.

Su Wa Ke Amfana?

Wanda ya fi kowa amfana shi ne wanda ba zai iya ɗaukar nauyi ba. Mutumin da ya karye a haɗarin babur, ko aka yi masa aiki a gwiwa, tsokar cinyarsa kan soma ramewa cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙashi ya warke ƙafar ta zama siririya. Ba za a ce ya ɗaga kaya mai nauyi ba, don kada a ɓata ɗorin. Haka tsoho mai ciwon gwiwa, wanda rashin ƙarfin cinya ke hana shi tashi daga tabarma ko zuwa masallaci. Irin waɗannan ne dabarar kan zame wa gada, su bi ta kanta har su kai lokacin da za su iya atisaye na sosai.

Shi kuwa mai lafiya, ribarsa ba ta da yawa. Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, ya nuna cewa ta fuskar kaurin tsoka hanyoyin biyu sun yi kusan kunnen doki, amma ta fuskar ƙarfi ɗaga nauyi na sosai ya fi. Wani binciken da aka yi a Jami'ar McMaster ta Kanada a 2012 ya nuna cewa ko ba maɗauri, nauyi kaɗan na ƙara tsoka idan aka yi ta maimaitawa har aka gaji. Saboda haka ɗalibin da ke son ya shiga gasar kokawa ko ƙwallon ƙafa ba shi da wani abin da zai rasa in bai ɗaure cinyarsa ba.

Ƙa'idar Awo

A 2019 wani rukunin masana daga ƙasashe daban-daban, a ƙarƙashin jagorancin Stephen Patterson, ya fitar da ƙa'idojin yin wannan atisaye. Mataki na farko shi ne a auna matsin da zai tsayar da jini gaba ɗaya a gaɓar mutumin, ta hanyar hura maɗauri irin na na'urar awon hawan jini, ana sauraron bugu da wata ƙaramar na'ura. Daga nan sai a yi amfani da kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na wannan adadi. Misali, in jini ya tsaya a cinyar mutum a kan lamba 200, ana iya yi masa atisaye a kan 100 ko 120. Ba a taɓa tsayar da jinin gaba ɗaya yayin atisaye.

Nauyin da ake ɗagawa kashi 20 zuwa 40 ne cikin 100 na iyakar ƙarfin mutum. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne a ɗaga sau 30, a huta daƙiƙa 30 zuwa 60, sa'an nan a yi sau 15 har zagaye uku. Matsin ba ya wuce minti 5 zuwa 10 a atisaye ɗaya, sai a saki jini ya koma. Ana yin haka sau 2 ko 3 a mako. Maɗaurin kuma a saman damtse ko saman cinya kawai ake sa shi, ba a kan gwiwa ko sha-raɓa ba, inda jijiyoyin saƙo suke kusa da fata.

Dalilin wannan tsantseni shi ne, matsin da ya dace da wani bai dace da wani ba. Mai kaurin cinya yana buƙatar matsi fiye da siriri. Maɗauri mai faɗi yana tsayar da jini da ɗan matsi kaɗan, siriri kuwa sai an tamke shi ƙwarai, kuma yakan nutse cikin nama ya danne jijiyar saƙo. Robar cikin tayar keke da igiya da tsumma ba su da ma'auni. Mai ɗaurawa bai san ko ya kai kashi 50 ko ya wuce 100 ba. Kama da wane ba ta wane.

Haɗarin da Ke Ciki

A 2006 aka buga sakamakon wani bincike da ya shafi mutum fiye da 12,000 da suka yi KAATSU a cibiyoyin Japan. Kimanin kashi 13 cikin 100 sun sami taruwar jini a ƙarƙashin fata, kimanin mutum 1 cikin 100 ya ji sagewar gaɓa, waɗanda jini ya daskare musu a jijiya kuwa ba su kai 1 cikin 1,000 ba. Waɗannan alƙaluma suna kwantar da hankali, amma a tuna cewa mutanen an tantance lafiyarsu, kuma ƙwararru ne suka sa musu na'ura mai awo. Ba su ba da labarin wanda ya ɗaure kansa a ɗaki ba.

Manyan haɗurran guda huɗu ne. Na ɗaya, daskarewar jini: jinin da ya daɗe a tsaye yana iya zama guda, gudan kuma ya ɓalle ya tafi huhu, kamar yadda ya faru ga Sato. Na biyu, lalacewar jijiyar saƙo, wadda kan jawo sagewa ko raunin hannu. Na uku, narkewar tsoka: in an wuce gona da iri, zaruruwan tsoka kan farfashe, abin da ke cikinsu ya kwarara cikin jini ya toshe ƙoda. Alamarsa ita ce ciwon tsoka mai tsanani da fitsari mai launin baƙin shayi, kuma duk wanda ya ga haka asibiti ya kamata ya nufa ba tare da jinkiri ba. Na huɗu, hauhawar jini: taruwar sinadarai masu tsami a tsoka na sa zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau fiye da yadda zai hau in an ɗaga nauyin ba maɗauri.

Abin Lura ga Mutanen Wannan Yanki

Akwai dalilan da suka sa dole a ƙara taka-tsantsan a nan. Babba daga ciki shi ne amosanin jini, wato sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta. Ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rukunin AS. Abubuwan da ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje su ne ƙarancin oksijin, da tsami, da tsayuwar jini, da ƙishirwa. Uku na farko su ne ainihin abin da maɗauri ke haddasawa da gangan. Mai SS ba shi ba wannan atisaye. Mai AS ma sai da shawarar likita, domin wani bincike da aka buga a 2016 a kan sojojin Amurka ya nuna cewa masu AS sun fi sauran fuskantar narkewar tsoka a lokacin atisaye mai tsanani.

Na biyu shi ne hawan jini, wanda ke damun kusan mutum uku cikin goma na manyan Nijeriya, da yawansu kuma ba su sani ba. Na uku shi ne zafi. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, gumi ya rage ruwan jiki, jini ya yi kauri, ƙoda ta wahala. Mai azumi da rana, da wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro, suna cikin wannan hali. Haka nan mai ciki da mai jego, da mai ciwon suga da ya taɓa masa jijiyoyi, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da wanda jini ya taɓa daskare masa, duk an hana su sai da izinin likita.

Illar ɗauri marar awo ba baƙuwa ba ce a asibitocin ƙasar nan. Likitocin ƙashi sun sha ganin yaron da aka yi wa ɗori aka tamke karare fiye da kima, hannu ya kumbura, jini ya yanke, nama ya mutu, har ta kai ga yankewa. Haka al'adar tamke ƙafa da igiya in kububuwa ta sari manomi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da ita, domin ba ta hana dafi aiki, sai dai ta ƙara lalata ƙafar. Abin da ya dace shi ne a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti. Shi kuma naɗin da ɗan dambe ke yi wa hannunsa, don dunƙulen ya yi tauri ne, ba don gina tsoka ba. In yatsu suka sage ko suka yi sanyi, alama ce a kwance.

Gwaji Domin Aji

Malamin kimiyyar halittu na iya nuna wa ɗalibai hujjar Harvey ba tare da an ɗaure kowa ba. Ɗalibi ya saki hannunsa ƙasa na minti ɗaya har jijiyoyin bayan hannu su fito. Ya danne ɗaya da yatsa a kusa da gindin yatsu, sa'an nan da wani yatsan ya shafe jinin zuwa wuyan hannu, ya ɗaga yatsa na biyun. Zai ga jijiyar ta zauna fayau, jini bai dawo baya ba, saboda 'yan ƙofofin da ke cikinta. Da ya ɗaga yatsan farko sai ta cika nan take. Daga nan malami na iya tambaya: me zai faru ga tsoka in an rufe wannan hanya ana cikin aiki? Me kuma zai faru in an rufe hanyar shigowa ma?

Kammalawa

Taƙaita gudun jini dabara ce ta gaskiya, mai tushe a kimiyya, kuma tana iya taimakon wanda karaya ko tiyata ko tsufa ya hana shi ɗaukar nauyi. Amma wurinta shi ne hannun ƙwararren likitan gashi mai na'urar awo, bayan an duba rukunin jini da hawan jini da tarihin lafiyar mutum. Wanda yake da irin wannan buƙata ya kai kansa babban asibiti, kamar Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, ya nemi shawarar likita a kan atisayen da ya dace da shi. Shi kuwa ɗalibi mai ƙoshin lafiya, gudu da iyo da noma da ɗaga nauyi sannu a hankali, tare da abinci mai gina jiki irin su wake da kifi da nono, da isasshen barci, sun wadatar da shi. Abu mafi amfani da zai fara yi shi ne ya san rukunin jininsa. Kada garin neman ƙiba a samo rama.